Daga Azara zuwa Allo Mai Totuwa: Tarihin Ɗaukar Nauyin Bene daga Zazzau zuwa Utako

Kowane bene, na ƙasa ne ko na kankare, yana tsaye ne a kan warware matsala guda, wato yadda za a shimfiɗa abu tsakanin bango da bango, babu komai a ƙarƙashinsa sai sarari, ya ɗauki mutane da kayansu, ya kuma ɗauki nauyin kansa, ba tare da ya lotsa ko ya karye ba. Wannan juriya ita ce injiniyoyi ke kira ƙarfin jure lanƙwasa, kuma fahimtarta ba ta da wuya: idan nauyi ya sauka a kan itacen da aka gitta, sashensa na sama matsewa yake yi, na ƙasa kuma yana miƙewa kamar ana jan sa, alhali tsakiyarsa kusan zaman banza take yi. Tarihin hawan sama a ƙasar Hausa, tun daga soron magina har zuwa allunan zamani marasa nauyi da ake gwada amfani da su a Abuja, tarihi ne na yadda kowane zamani ya bi da wannan tsakiya, wadda ke ƙara wa gini nauyi ba tare da ta ƙara masa ƙarfin a zo a gani ba.

Maginan Hausa sun dogara ne da azara, wato itacen da ake tsagawa daga gangar jikin giginya, musamman namijinta, saboda gara ba ta cika cin ta ba, kuma tana iya shafe shekaru masu yawa a binne cikin ƙasar gini ba ta ruɓe ba. Giginya kanta darasi ce, domin ƙarfinta yana cikin ɓawon waje ne mai baƙaƙen jijiyoyi, cikinta kuwa taushi gare shi, shi ya sa masu faskara ke ɗaukar gefen su bar tsakiyar. Sai dai azara tana da iyaka, kuma iyakar gajeriya ce. Idan aka jera ta, aka shimfiɗa zana ko kara a kanta, aka labta ƙasa, aka shafe da laso don tare ruwa, tazarar da za ta iya ɗauka ita kaɗai ba ta wuce kimanin mita 1.8 ba kafin ta fara saduda. Abin da ke danne ta kuwa yawancinsa ƙasar rufin ce, wadda nauyinta ke ƙaruwa idan damina ta jiƙa ta, kuma wannan ne dalilin da ya sa gyaran indararo da sabunta laso kafin saukar ruwa suka zama farilla a kan duk mai soro.

Daga wannan ƙuncin ne hikimar magina ta fito. Sun ƙirƙiro tauyi, wato azarar da ake turowa daga saman bango hawa-hawa, kowane sahu ya ɗara na ƙasansa fitowa, har tazarar da ta rage ta dawo daidai da ƙarfin itacen. Suna kuma gitta azara a kusurwoyin ɗaki don su rage faɗin abin da za a rufe. Da suka so zaure mai faɗi sosai sai suka koma ga baka, wanda ake ɗaure azara kashi-kashi da igiya, kowane kashi yana ƙara karkata zuwa tsakiya, a lulluɓe duka da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, kuma daga haɗuwar bakuna ne ake samun bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke iya rufe mita bakwai ko takwas ba tare da ginshiƙi ba. A zahiri baka ginin ƙasa ne mai ƙashi a ciki, ƙasa na jure matsi, azara na jure ja, wato rabon aiki iri ɗaya da wanda siminti da rodi za su zo su yi daga baya. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ila ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin dalla-dalla a ƙarni na 20, har aka sake gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Bene kuwa ya fi rufi wuya, domin abin da yake rufi ga ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama, dole ya zama miƙaƙƙe, ya kuma jure takun mutane. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bayyana gidajen ƙasa masu matakala da ɗakunan sama, waɗanda ake tokare rufinsu da gangar itace, haka ma Heinrich Barth da ya iso a 1851 ya tarar da irinsu a wajen Dala. Amma ɗakunan saman ƙanana ne, bangayen da ke ɗauke da su kuma masu kauri ne ƙwarai daga tushe, kuma da wuya ginin zama ya wuce hawa ɗaya a bisa na ƙasa. Sanin iyakar azara ba a rubuce yake ba, yana hannun iyalan magina ne ƙarƙashin Sarkin Magina, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa, kuma abin da ke tabbatar da ingancin aiki shi ne daminar da ta wuce ta bar shi a tsaye.

Abin da magina suka sani da ido da hannu, lissafi ya zo ya ba shi adadi a wata nahiyar. A littafinsa na 1638, Galileo na Italiya ya nuna cewa ƙarfin itacen da aka gitta yana tafiya ne da faɗinsa sau ɗaya, amma da kaurinsa sau biyu, wato idan aka ninka kauri ƙarfi zai ninka huɗu. Sai dai ya yi kuskure wajen gano inda matsi da ja ke rabuwa a cikin itacen, kuskuren da aka ɗauki kusan ƙarni biyu ana gyarawa, har Navier na Faransa ya daidaita lissafin a 1826. Daga wannan lissafi ne aka san cewa ninka tazara na ninka wahalar da ke kan itace sau huɗu, lotsawarsa kuma sau 16, idan nauyin shimfiɗe yake a kansa baki ɗaya. Wannan adadi na ƙarshe ya isa ya bayyana dalilin da ya sa magini ya gwammace ya ɓata kwanaki yana ɗaura tauyi don ya rage taki ɗaya daga tazara, da ya nemo azarar da ta fi tsawo.

Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya buɗe wa kwano da siminti da ƙarfe hanya zuwa Arewa. A lokacin kankare mai rodi ya riga ya kafu a Turai, tun daga haƙƙin ƙirƙira da Joseph Monier ya samu a 1867 da tsarin da François Hennebique ya fitar a 1892. Dabararsa ita ce kankare na da ƙarfin jure matsi, amma juriyarsa ga ja ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka ake shimfiɗa rodi a sashen ƙasa, inda jan yake, ya ɗauke masa wannan aiki. Babban Masallacin Kano da aka sake ginawa da siminti, aka kammala a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya nuna wa jama'a cewa sabon kayan ya shigo har cikin ganuwa. Sai masana'antun siminti suka biyo baya: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, Kalambaina ta Sakkwato a 1967, sannan kamfanin murza ƙarafa na Katsina a farkon shekarun 1980. Ƙishirwar siminti ta kai matuƙa a 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da shi suka toshe tashar Legas na tsawon watanni. A wannan zamani ne kalmar dakin, wato daɓen bene na kankare mai rodi, ta shiga bakin Bahaushe, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi suka raba aikin da a da magini ɗaya ke yi, kuma zuba dakin ya zama alamar cewa mai gida ya kai wani matsayi.

Dakin ya faɗaɗa ɗaki, amma bai warware tsohuwar matsalar ba, ƙara mata girma ya yi. Kankare mai rodi yana da nauyin kimanin kilo 2,400 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya, saboda haka dakin mai kaurin santimita 15, wanda shi ne aka fi zubawa a gidajen zama, yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, tun kafin a sa tayil ko a yi filasta. Ƙa'idojin Ingila da injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da su sun ƙiyasta nauyin mutane da kayan ɗaki a gidan zama da kimanin kilo 150 a murabba'in mita, a ofis kuma kimanin 250. Ma'anar wannan ita ce, a ɗaki mai mita huɗu tsawo da huɗu faɗi, dakin kansa ya kusa tan shida, alhali abin da aka gina shi don ya ɗauka bai kai tan biyu da rabi ba. Yawancin rodin da mai gini ke saya da tsada, ashe, kankaren da ke lulluɓe da shi yake ɗauka, kuma wannan nauyi yana gangarowa ta ginshiƙai zuwa harsashi, yana taruwa hawa bayan hawa.

Babu inda wannan lissafi ya fi tasiri kamar Abuja, birnin da aka gina shi kacokan a zamanin kankare. Dokar soja mai lamba 6 ta watan Fabrairun 1976, ƙarƙashin Janar Murtala Muhammed, ita ta kafa Babban Birnin Tarayya da hukumar raya shi, aka miƙa babban tsarin birnin a 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Sunan kansa aro ne daga garin da Abu Ja, na zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828, wanda aka sauya wa suna zuwa Suleja, don haka akwai wata tsohuwar dangantaka tsakanin birnin Babban Gwani da wannan sabon birni, ko da yake ba ta bayyana a gine-ginensa ba. Utako na cikin kashi na biyu na tsarin, tare da Jabi da Wuye da Mabushi da sauransu, a kan ƙasar da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suke zaune tun kafin zuwan birnin. Da Wuse da Garki suka cika, sai harkoki suka kwararo nan: kasuwar Utako, tashoshin motocin da ke zuwa sassan ƙasar, otal-otal, hedikwatar kamfanin gine-gine na Julius Berger, da ofishin Media Trust mai buga jaridar Aminiya. Fili ya yi tsada, kuma idan fili ya yi tsada gini sama yake yi, shi ya sa titin Obafemi Awolowo da layukan da ke reshe daga gare shi suka cika da benayen shaguna da ofisoshi masu hawa uku zuwa shida.

Yadda ake zuba dakin a irin waɗannan wurare bai sauya sosai ba cikin shekaru arba'in. Kafinta ya kafa katako a kan dajin sanduna ko gora, mai rodi ya ɗaure ƙarfe, leburori, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne daga Kano da Katsina da Jigawa da Nijar, su yini suna hawa da kwaɓi, sannan a dinga bai wa kankaren ruwa, domin sai ya cika kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa. A kowane mataki akwai ƙofar ɓarna: a rage siminti, a yawaita ruwa don kwaɓin ya yi saurin bazuwa, a sa rodin da bai cika kaurin da ake kiran sa da shi ba, a tattake ƙarfen saman ginshiƙi har ya nutse ya bar wurin aikinsa, ko a cire tokara tun kankare bai nuna ba. Ɗanyen kankare kuwa nauyi ne zalla, ba ya ɗaukar komai sai dai a ɗauke shi, shi ya sa gini kan fi zama cikin haɗari a lokacin da ake kan aikinsa. Wani bene mai hawa huɗu da ba a kammala ba ya rufta a Utako a 2008, wani kuma a maƙwabciyarta Jabi a watan Agustan 2018.

Matakin farko na rage nauyi shi ne cire kankare daga inda ba ya aiki. A dakin mai ramuka ana jera tubalan yumɓu ko bulo masu kogo a sahu-sahu, a bar ƙananan hanyoyi tsakaninsu inda rodi zai kwanta, a zuba siriri a sama, sai a sami kaurin da ake buƙata da ƙarancin kankare. An daɗe ana yin haka a manyan gine-ginen Najeriya, daga baya kuma aka fara maye gurbin tubalan da folistarin, wato farar kumfar roba irin wadda ake tokare firji da talabijin da ita a cikin kwali, wadda kamfanin BASF na Jamus ya fito da ita a farkon shekarun 1950.

Mataki na biyu, wanda ya fi nisa, shi ne allo mai haɗe-haɗe, kuma mafi kusancin misalinsa a ƙasar Hausa shi ne karan dawa, mai ɓawo siriri mai tauri a waje da totuwa marar nauyi a ciki, wanda ke ɗaukar zangarniya a tsayin da ya wuce mutum, iska na kaɗa shi bai karye ba. Ana haɗa fata biyu masu ƙarfi, na ƙarfe ko siminti mai raga ko katako, a raba su da ciki marar nauyi, kuma amfanin cikin shi ne ya nisanta fatun daga juna ya kuma hana su zamewa. Lissafin yana da ban mamaki. Idan aka manne alluna biyu masu kaurin santimita ɗaya-ɗaya, aka auna su, sannan aka raba su da totuwa mai santimita takwas, ƙarfin jure lanƙwasa zai ƙaru kimanin sau 12, taurin da ke hana lotsawa kuma kusan sau 60, alhali nauyin da aka ƙara kaɗan ne. Masu ƙera jiragen sama ne suka fara cin moriyar wannan sosai, kamar jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940 da jikin da aka yi da falle biyu na katako da wani itace marar nauyi a tsakani. A fannin gini dabarar ta ɗauki siffofi dabam-dabam, daga kankare mai kumfar iska da Johan Axel Eriksson ya ƙirƙiro a Suwidin a shekarun 1920, zuwa kwano mai kwari da tudu da ake zuba siririn kankare a kansa, wanda yake zama madadin katakon kafinta da farko sannan ya zama madadin rodi, har zuwa allon folistarin mai ragar ƙarfe ta kowane ɓangare da ake fesa wa siminti. An yi amfani da folistarin wajen gina rukunin gidaje a gundumar Mbora da ke yamma da Jabi, abin da ya sa Abuja ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi nazarin wannan kaya a Najeriya.

Sai dai duk waɗannan alƙaluma suna rataye ne a kan sharaɗi guda, wato fatun biyu su yi aiki tamkar jiki ɗaya. Alluna biyu da aka ɗora kan juna ba tare da manni ba suna da rabin ƙarfin waɗanda aka manne, da kashi ɗaya cikin huɗu na taurinsu, domin kowanne na zamewa a kan ɗan'uwansa yana lanƙwasa shi kaɗai. A nan ne igiyar da magini ke ɗaure azarar baka da ita ta sami magaji, wato wayoyin ƙarfe da ke ratsa folistarin a karkace suna haɗa raga da raga, ko ƙusoshi masu kai da ake walda a kan ƙarfen da kwano ke zaune a kai. Don gano ko haɗin ya kama, ana ɗora allon a kan matokara biyu a ɗakin gwaji, a danna shi a wurare biyu da ke raba tsawonsa uku, ana ƙara nauyi sannu a hankali ana auna yadda tsakiyarsa ke sauka. Allon na iya gazawa ta hanyar yagewar fatar ƙasa, ko tattarewar ta sama, ko tsagewar totuwa kusa da matokara, ko ɓantarewar fata daga ciki, kuma biyun ƙarshe sun fi muni, domin sukan zo ba tare da gargaɗi mai tsawo ba, saɓanin dakin da aka tsara da kyau, wanda kan yi tsaga ya lotsa a ga alama kafin ya faɗi. Sau da yawa ma ba karyewa ce ke yanke hukunci ba, lotsawa ce, wadda ƙa'ida ba ta yarda ta wuce kashi ɗaya cikin 250 na tazara ba, wato milimita 16 a ɗaki mai mita huɗu.

Rashin nauyi yana da nasa farashin, kuma masu tallan waɗannan alluna ba su cika jaddada shi ba. Bene marar nauyi ya fi saurin girgiza ƙarƙashin taku, ya fi barin ƙara ta ratsa zuwa ɗakin ƙasa, kuma cikin roba kan ci gaba da saduda a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa, kamar yadda tsohuwar azara ke yin ciki bayan shekaru. Folistarin yana laushi tun zafi bai wuce na tafasar ruwa da yawa ba, don haka amincinsa a lokacin gobara ya dogara ne ga kaurin simintin da ya rufe shi, abin da ke da muhimmanci a unguwar kasuwanci inda janareta da man fetur ke kwana a cikin gini. Akwai kuma ɗabi'ar masu haya ta sauya amfanin wuri, a mayar da ofis ma'ajiyar buhuna ko kwalayen tayil, ko a ɗora tankin ruwa mai lita 2,000, wato tan biyu, a inda ba a tsara masa ba. Ga dakin mai nauyi wannan ƙari wani yanki ne na abin da ya saba ɗauka, amma ga allon da aka tsara daidai wa daida yana iya cinye duk rarar da aka bar masa.

Hukumomin da suka gaji aikin Sarkin Magina suna nan a takarda: majalisar kula da aikin injiniya, COREN, tun 1970, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, NBRRI, tun 1978, kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, da sashen kula da tsarin gine-gine na Abuja da ke amincewa da zane kafin a fara aiki. Bambancin shi ne magini na iya duba jijiyar azara ya ƙwanƙwasa ta ya san ko ta nuna, birkila ma na iya damƙar kwaɓi ya san ko an yi masa rowar siminti, amma ba wanda zai kalli allon da aka rufe ta ko'ina ya ga ko wayoyin cikinsa sun kama, sai dai ya gaskata takardar gwajin da ta zo da shi. Wannan, tare da arhar ƙwadago da ke rage ribar saurin da allunan ke kawowa, da ƙarancin ma'aikatan da suka saba harhaɗa su, shi ya sa galibin benayen da ake ɗagawa a Utako har yanzu dakin ake zuba musu, kuma inda folistarin ya fi samun karɓuwa shi ne a matsayin cikon da ke kwance tsakanin hanyoyin rodi, inda aikinsa bai wuce ya tare wurin da kankare zai cika ba.